Hamsin da Huɗu

A Fam Senta, inda nake jinyar wayoyi da dalma,
yarona Tasi'u ya miƙo min tasa mai tsagaggen gilashi:
"Oga, duba. Mai tabarau hamsin da huɗu,
mai sanƙo arba'in da shida.
Jiya da la'asar kunnen doki suke."

Na ce, wa ya auna su? Da wane mudu?
Ya ce, kasuwa ce.
Kasuwa kam na sani: Kwari, Singa, 'Yankaba,
inda tumatir ke kwana da daraja ya wayi gari a bola,
amma ban taɓa jin rumfar da ake kasa gobe a faifai ba,
a ce ga kujerar sanata, zo ka taya.

"Ba caca ba ce," in ji shi, tun ban tambaya ba.
"Hasashe ne."
Na ce, an dai sauya wa tuwo suna.

Ran Laraba aka ce wani jigo ya sauya sheƙa
cikin dare, shi da mota bakwai ta magoya baya.
Kafin in gama ɗaure noti huɗu a bayan wata waya
hamsin da huɗu ta koma arba'in da tara.
Garau-garau ɗin Tasi'u ta huce a leda, bai taɓa ba.
A nan na gane adashinsa na ciki:
dubu talatin, zubin wata uku,
kuɗin injin da zai buɗe teburin kansa da shi.

Bayan isha'i na je Kurna gai da Gwaggo Ladidi.
Na same ta tana ƙirga jarkoki,
mai ruwa ya ƙara hamsin a kan kowace.
Famfon gidan, tun zaɓe biyu da suka wuce,
tari kawai yake yi.
Na ba ta labarin lambobin.
Ta ce, "Su wa ke saye?"
Na ce, mutane ne a can wata uwa duniya,
wasunsu ko a taswira ba za su nuna Kano ba.
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.
"Wato akwai mai jiran riba a babban yatsana
alhali bai taɓa tsallake kwatar ƙofar gidana ba?
To gaya masa ni ma ban yanke ba tukuna.
Mai tabarau ya aiko atamfa, ta zuba a wankin fari.
Mai sanƙo ya aiko taliya, mun cinye.
Ya sa wannan a lissafinsa."

Adaidaitan da ya dawo da ni
fasta biyu ce a bayansa, ɗaya kan ɗaya,
ruwan sama ya jiƙa su har tabaran wannan
ya hau kan sanƙon wancan.
Direban ya ce duka biyun sun biya shi.

Asabar. Kasuwa a garƙame, titi fayau.
Muna layi a harabar firamare,
Gwaggo can gaba a layin mata, bisa kujerarta 'yar tsuguno.
Tasi'u na bayana yana ɗaga waya sama
kamar mai roƙon ruwa. Babu sabis.
Yau ba wanda zai gaya masa farashin kowa.

Na ce, kai wa za ka dangwala wa?
Ya ce, "Kuɗina na kan mai tabarau."
Na ce, ba kuɗinka na tambaya ba.
Ya dubi yatsansa, ya juya shi,
kamar yau ya fara ganin sa.

Rana ta take.
Layi ya matsa taku ɗaya.